Gahawar da Na Shanya da Hannuna a Ƙasar Jimma

Kafin wannan tafiya, in aka ce kofi, abin da ke faɗo mini a rai shi ne 'yar ledar nan da mai shayi ke yagewa da haƙori ya zazzage, ya bi ta da madara da sukari. In kuma aka ce gahawa, sai in tuna alhazai da dabino, ko matan nan na bakin titi a Khartum da ke dafa jabana mai citta a kan gawayi, lokacin da muke karatu a can. Ban taɓa tambayar kaina ko abin nan a ƙasa yake yin 'ya'ya kamar gyaɗa, ko a kai kamar dawa ba. Alhali kuwa sayen amfanin gona ne sana'ata. Riɗi da zoɓo nake saye a Dawanau, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya gajiya da ƙorafi a kan manoma: ƙasa a cikin buhu, tsakuwa, ɗanyen kaya da aka cusa a tsakiya.

A Khartum ɗin na yi wani aboki ɗan ƙabilar Oromo, mutumin yankin Jimma da ke kudu maso yammacin Habasha. Shekara uku muna ɗaki ɗaya, har yau kuma da Larabci muke magana. Duk sanda ya gan ni ina kaɗa garin gwangwani sai ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ba buna ba ce, tokarta ce." Buna ita ce gahawa a bakinsu. Ya daɗe yana cewa in zo lokacin tsinka in gani da idona. Da na amsa, sai abin ya faɗo a Nuwamba, daidai sanda riɗi ke kwararowa kasuwa. Ƙanina da na bar wa shago cewa ya yi, "Yaya, anya ba asiri aka yi maka ba?"

Daga Kano jirgi ya sauke ni a Adis Ababa. Daga nan mota, kilomita wajen 350, a gangara cikin kwarin kogin Gibe inda zafi ke tuna maka gida, a sake hawa tudu har kunne ya toshe. Jimma gari ne mai Musulmi da yawa, kiran salla ta ko'ina. Na kwana ɗaya, aka kai ni unguwar Jiren na ga fadar Sarki Abba Jifar, wanda ya yi mulki daga 1878 zuwa 1932, gini mai bene da aka yi wa ado da katako. Washegari muka ƙara kilomita wajen 45 zuwa Agaro, daga can kuma babur ya shiga da mu ƙauyensu.

Daren farko abokina ya ce, "Gobe ƙarfe 12 za mu fita." Na ce a raina, lallai mutanen nan ba su da gaggawa, manomi da fita da azahar. Ina idar da sallar asuba na koma na ja bargo, don sanyin wurin ba na wasa ba ne, sai ga shi a kaina yana dariya. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe 12 ɗinsu shi ne shidanmu na safe, ƙarfe ɗayansu kuma bakwai. Har na baro ƙasar, in aka faɗa mini lokaci sai na tambaya, na Habasha ko na bature?

Na yi zaton zan ga kunyoyi a jere. Abin da na tarar daji ne. Manyan bishiyoyi sun yi rumfa a sama, an rataya amya a rassansu, birai masu baƙi da fari suna tsalle. A ƙarƙashin wannan inuwa itatuwan gahawar suke, yawancinsu ba su fi tsayin mutum da rabi ba, ganyensu kore shar mai sheƙi. Mahaifin abokina, wanda na kira Baba tun ranar farko, ya ce irin nan na Arabika a dazukan wannan yanki da na Kafa maƙwabciyarsu ya samo asali, kuma ba ya son rana tsirara. Ya nuna mini tsofaffin da ya gada, sannan ya nuna waɗanda ya dasa da hannunsa, waɗanda ba su da suna sai lamba: 74110. Na tambayi dalilin lambar. Abokina ya ce a 1971 wata cuta ta ɓulla a ƙasar, mai baƙanta 'ya'yan tun suna ɗanye su zube. Masu bincike na cibiyar Melko da ke Jimma suka bazama dazuka suna neman itatuwan da cutar ta kasa kamawa. Waɗanda aka tsinto a 1974 su ne lambarsu ta fara da 74.

Ɗan gahawa bai fi kurna girma ba. A reshe guda za ka ga kore, ga rawaya, ga ja wur, domin furen ba rana ɗaya yake buɗewa ba. Daga fure zuwa nuna wata takwas ne ko kusa da haka, sabon dashe kuma sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya ba ka komai. Na tsinki ja guda na ciza. Zaƙi ne da shi, da yauƙi, a ciki kuma ƙwaya biyu sun haɗa fuska kamar ɓarin gyaɗa. Wato duk wannan kasuwa ta duniya a kan ƙwallon ɗan itace aka gina ta.

Baba ya ce tun da na ce koyo na zo yi, ba kallo ba, zai ba ni gadon shanya guda. Abin da na tsinka nawa ne, ni zan bi shi har ya shiga jabana, tulun da suke dafa gahawa a ciki. Ba wanda zai taɓa mini, ko gyara ko ɓarna. Na amsa da ƙarfin gwiwa, ina ganin mutumin da ya shekara goma yana shanya zoɓo ai ba a koya masa shanya.

Dokar tsinka ɗaya ce: ja kaɗai. Za ka kama ɗan da yatsa biyu ka murɗa ya fita ya bar hancinsa a jikin reshe. Faɗa da baki ba wuya. A aikace kuwa, kana tsaye a gangare, ƙasa na santsi da raɓa, kwando a ƙugu, tururuwa na bin hannun riga, kuma kowane gungu yana da 'ya'ya goma sha wani abu da uku kaɗai suka nuna. Zuciya sai ta riƙa ce maka, ja reshen nan gaba ɗaya ka zage shi ka huta. Kafin la'asar 'yan matan gidan sun cika kwando sun juye sun sake cikawa, ni ko na farko ban kai bakinsa ba. Da muka koma gida, mahaifiyar abokina ta juye nawa a kan tabarma, ba ta ce uffan ba, ta zauna ta shiga ware masu ɗorawa-ɗorawa da waɗanda suka zarce suka yi baƙi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ta fitar. Sauran ta zuba a bahon ruwa, waɗanda suka taso sama ta kwashe, ta ce ko dai ba ƙwaya a ciki, ko ƙwaro ya riga mu. Kwana uku na yi kafin in haɗa kilo 30 da Inna ta yarda da su.

A yammacin kwana na biyu ne na ga abin da ya tsaya mini a rai. A bakin hanya, ƙarƙashin wata bishiya, wani mai saye ya kafa sikelinsa, manoma sun yi layi da buhuna. Wani maƙwabcinsu ya kawo nasa, ja da kore da ganye duk a cakuɗe. Mai sikeli ya tura hannu ya damƙo, ya yamutsa fuska, ya yi 'yan maganganu da ban ji ba amma na san ma'anarsu sarai, ya auna ya biya. Bayansa wata mata ta kawo nata, ja zalla, kai ka ce an wanke. Ya auna ya biya. Na tambayi abokina bambancin farashin. Ya ce abin da ke tsakani bai kai kuɗin shayi ba. Sannan mai sikeli ya ɗauki buhunan biyu ya juye su wuri guda.

Na daɗe tsaye. Yamutsa fuskar nan tawa ce, damƙar nan tawa ce, har juyewar. Matar nan ta zagaya itacenta sau uku ko huɗu a kaka guda tana jiran kowane ɗa ya nuna, shi kuwa maƙwabcin sau ɗaya ya zage nasa ya tafi sabgarsa. Ga tsoron ɓarayi da ke shiga gona da dare in ka bar nunannu a kai, ga birai da tsuntsaye, ga kuɗin makaranta da ba ya jira. In sikeli nauyi kaɗai yake gani, wa zai zargi wanda ya kawo masa nauyi? Abokina ya ce shi ya sa shekara da shekaru sunan Jimma a kasuwar duniya ya manne da daraja ta biyar, kayan da ake saye da araha don a cakuɗa da na wasu, alhali ƙasa ɗaya ce da tuddai ɗaya da ke fitar da mai daraja ta ɗaya in an kula. Abin da ya fara sauya lamarin a wajensu shi ne ƙungiyoyin manoma da suka kafa wuraren wanki nasu, suna sayarwa da sunansu, suna raba riba bayan an sayar.

Na leƙa ɗaya daga cikin wuraren wankin. Inji ne ke ɓare jan ɓawon a ranar da aka tsinko, a jiƙa ƙwayar a kwarami na siminti kwana ɗaya ko biyu har yauƙin ya saki, a wanke a shanya. Tsabta ce da sauri, amma sai da ruwa mai yawa da jari. Ni tsohuwar hanya aka ba ni, wadda ake shanya ɗan da ɓawonsa.

Gadon shanya rumfa ce da ta kai ƙugu, an yi ta da itace da gora, an shimfiɗa raga a kai don iska ta shiga ta ƙasa. Kwanakin farko a baza shi siriri, ɗa ɗaya kada ya hau kan ɗan'uwansa. A riƙa juyawa da hannu kusan kowace awa. Rana in ta take a rufe da algarara don kada ɓawon ya ƙone ya tsage ciki na ɗanye, da magariba kuma a tattara a lulluɓe da leda saboda raɓa, a buɗe da sassafe. Da zoɓo na saba, wanda iskar hunturu ke yi wa rabin aikin. Nan kuwa ko da rani ne, hazo na kwana a kwari, wani lokacin har yayyafi ya sauko ba sallama.

A kwana na huɗu na yi ɓarnar. Wasu samari suka ce za su kai ni Coce, wani wuri a gundumar Gomma da mutanen yankin ke cewa a nan wani makiyayi mai suna Kaldi ya ga awakinsa suna rawa bayan sun ci 'ya'yan wani itace, daga nan aka gano gahawa. Mutanen Kafa su ma sun ce a wajensu aka yi, kuma labarin ya fi kama da tatsuniya, amma baƙo ba ya ƙin yawo. Muka fita tun duku-duku. Na bar gadona a tattare cikin leda kamar yadda ya kwana, ina cewa ai wani zai buɗe. Mutanen gida kuwa duk sun tafi wata gona mai nisa, kuma ko da suna nan, Baba ya riga ya yi magana. Da na dawo bayan la'asar na ɗaga ledar, wani zafi ya bugi fuskata, da tsami kamar na kunun da ya kwana biyu. Washegari farar fumfuna ta fito a na tsakiyar tulin. Na zauna na tsince su ɗaya bayan ɗaya, wajen kilo biyar na zubar. Baba ya zo ya tsaya, ya ɗauki guda ya sansana, ya ce wa ɗansa wani abu. Na matsa sai an fassara mini. Wai cewa ya yi, buna jaririya ce, ba a barinta a ɗaki a tafi biki.

Daga ranar ban ƙara yin nisa ba. Jan ya koma ruwan hanta, ya koma baƙi-baƙi, ya yamushe kamar busasshiyar kanya. Ƙanshin gadon ya zama na zabibi. Aikin ba nauyi, sai dai ya ɗaure ka wuri guda, kuma a nan na fahimci dalilin da mutane da yawa ke zubawa a ƙasa kawai su tafi, ƙasar kuma ta shiga ɗanɗanon. A kwana na 19 Inna ta damƙi hannu guda ta kaɗa kusa da kunnenta, ƙwayoyin suka yi ƙara a cikin ɓawo kamar caki. Ta fasa ɗaya ta ciza, haƙori bai shiga ba. Masu na'ura suna cewa danshi ya sauko wajen kashi 11 cikin ɗari, ita haƙorinta ne na'urarta. Muka auna, kilo tara da 'yan kai.

Wannan busasshen da ɓawonsa shi suke kira janfal, kuma shi ne asusun manomi. Yana ajiyuwa wata da watanni, in buƙata ta taso a ɗebi kaɗan a kai kasuwa, inda ake ciniki da farasula, ma'aunin kilo 17. Na kasuwa injin casa ake kai wa a gari. Daga nan a tantance darajarsa, ya bi ta kasuwar hajoji ta ƙasa da aka buɗe a 2008 ko ta hannun ƙungiya, a ɗura a buhu mai kilo 60, a nufi tashar ruwan Jibuti, tun da Habasha ba ta da bakin teku. Ita ce kan gaba a noman gahawa a Afirka, amma kusan rabin abin da take nomawa a cikin gida ake shanye shi, abin da ba ka cika samu a sauran ƙasashe masu noman ba. Mai kyan kuwa doka ta ce waje za a kai, don da shi ake samun dala.

Nawa bai kai na inji ba, sai turmi. Aka nuna mini yadda ake sassauta taɓarya don ɓawo ya fashe ƙwaya ta tsira. Matan gidan suka taru suna kallon namiji na daka, suka sha dariya har da riƙe ciki. Bakace kam ƙanwar abokina ce ta karɓa, don na kusa watsar da rabi. Muka zauna tsinta: baƙaƙe, fasassu, masu hudar ƙwaro. Abin da ya rage ƙwaya ce mai launin kore-kore, ba ta da wani ƙanshi sai na ɗanyen wake. Kilo huɗu. Daga talatin.

Ranar Juma'a bayan an sauko Inna ta ce yau tawa za a sha. Ta aiki yaro ya kira maƙwabta, domin a can ba a shan buna a ɓoye, gidaje ne ke karɓa-karɓa, yau nan gobe can. Aka baza ɗanyar ciyawa a tsakar ɗaki, aka jera ƙananan finjalai marasa mariƙi a kan wani ɗan teburi, aka zuba lubban a garwashi. Ta wanke ƙwayar, ta zuba a faffaɗan kaskon ƙarfe, tana motsawa ba tsayawa. Kore ya koma rawaya, ya koma ruwan ƙasa, sai ga ƙara tas-tas, sai mai ya fara fitowa a jikinta. A nan ne ƙanshin da na sani ya iso, bayan kusan wata guda ina tare da abin ban ji shi ba. Ta ɗauko kaskon tana zagayawa da shi, kowa ya jawo hayaƙin da tafin hannu zuwa fuskarsa. Sannan daka a ƙaramin turmi, a zuba a jabana, wato tulun yumɓu baƙi mai dogon wuya, a mayar kan wuta. Da ya taso ta sauke, ta jingine shi a kan gammo har garin ya kwanta. Ta ɗaga hannu sama ta tsiyaya, zare ɗaya ba yankewa, daga finjali zuwa finjali.

Babba ake fara ba wa. Ni aka tambaye ni sukari ko gishiri. Na ɗauka wasa ne, sai na ga tsofaffin duk gishiri suke sawa. Na gwada, kuma ba zan yi ƙarya in ce ya yi mini daɗi ba. Ana sha ana cin gugguru da soyayyen sha'ir. Zagaye uku ne a kan gari guda, ana ƙara ruwa: abol, tona, baraka. Mai ɗan Larabci zai ji awwal da sani a cikin biyun farko, na ukun kuwa ba sai an fassara wa Bahaushe ba. Ba a tashi kafin na uku. Cikin awa ɗaya da wani abu da muka yi a zaune, an yi maganar farashi, an sasanta rigimar iyakar gona, an tsayar da ranar wani aure. A ƙarshe wani dattijo ya ɗaga hannu ya yi addu'ar da suke yi kullum, kada Allah ya raba gidan nan da buna da zaman lafiya.

Ni duk hankalina na kan fuskar Inna. A bakina dai abin ya yi: ɗaci kaɗan, zaƙi-zaƙi kamar na busasshen ɗan itace, ba ya buƙatar madara. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta ce wa ɗanta, "Gaya wa ɗan'uwanka ta yi kyau. Amma ranar nan da ya tafi yawo tana ciki." Na sake kurɓa ina nema. Can ƙarshen harshe akwai wani ɗan tsami da bai kamata ba, wanda da ba ta faɗa ba har abada ba zan ji shi ba.

Kilo uku na dawo da su Kano. Na sayo kasko da jabana, na tara 'yan majalisarmu na yi musu yadda na gani. Biyu suka ce a miƙo madara, ɗaya ya ce maganin basir ne, Alhajin da ya daɗe a Makka kaɗai ya nemi ƙari.

A shago kuwa na ce wa ƙanina daga yau farashi biyu za mu riƙa yi, riɗin da aka tsince daban, mai ƙasa daban, kuma ba za a juye su wuri ɗaya ba. Ya ɗauko littafi ya buga lissafi, ya ce, "Yaya, shi wanda muke kai wa kaya a Legas farashi nawa yake ba mu?" Na ce ɗaya. Ya rufe littafin. Mun dai yi ta a kan mutum huɗu daga cikin masu kawo mana kaya, waɗanda na san hannunsu, ƙarin kuma daga ribarmu yake fita. Buhunansu na jere a lungu guda da alamar jan fenti, ina ta neman mai sayen da zai yarda ya buɗe ya duba kafin ya ɗora a sikeli.